Allurar Riga-kafi da Yaran Ƙauyukan Nesa: Duba ga Dutsin-Ma da Kurfi

Cutar ƙyanda, wadda wasu ke kira baƙon dauro, tana cikin cututtukan da suka fi saurin yaɗuwa a tsakanin 'yan Adam. Masana sun ƙiyasta cewa idan yaro ɗaya mai ɗauke da ita ya shiga cikin jama'ar da babu wanda ya taɓa yin cutar, kuma babu wanda aka yi wa allurarta, to zai iya harbin mutum 12 zuwa 18. Ƙwayar cutar takan zauna cikin iskar ɗaki har tsawon sa'a biyu bayan majinyacin ya fita. Saboda wannan sauri nata, ba a iya tare ta a gari sai kimanin kashi 95 cikin 100 na mutanen garin sun sami kariya. A wannan maƙala za mu duba abin da wannan adadi yake nufi ga ƙananan hukumomin Dutsin-Ma da Kurfi, da kuma dalilin da ya sa ba za a kai gare shi ba muddin ma'aikacin lafiya yana zaune a asibiti yana jiran a kawo masa yara.

Lissafin da ke tattare da al'amarin

Ƙidayar 2006 ta ba Dutsin-Ma mutum kimanin 170,000, Kurfi kuwa kusan 117,000. Masu tsara aikin riga-kafi a Nijeriya sukan ɗauki kashi 4 cikin 100 na jama'a a matsayin jarirai 'yan ƙasa da shekara ɗaya. Ashe ke nan, ko da jama'ar ba ta ƙaru ba tun wancan lokaci (ta kuwa ƙaru ƙwarai), ana samun sababbin jarirai wajen 11,500 kowace shekara a ƙananan hukumomin biyu. Idan aka raba su ga mazaɓu 11 na Dutsin-Ma da 10 na Kurfi, kowace mazaɓa za ta tashi da jarirai kamar 550.

To, bari mu ɗauki mazaɓa ɗaya, mu ƙaddara, don misali kawai, cewa an yi wa kashi 60 cikin 100 na jariranta allurar ƙyanda, watau yara 330. Allurar da ake yi a wata tara takan kama a jikin yara 85 daga cikin 100. Sauran kuwa, garkuwar da suka samo daga jinin uwa tun suna ciki ba ta gama gushewa ba, ita ce take kashe ƙwayar allurar kafin jikin yaron ya koyi yaƙi da ita da kansa. Saboda haka yara 280 ne kawai suka tsira, 270 suna nan a buɗe. Baɗi a ƙara wasu 270, baɗin baɗaɗa ma haka. Cikin shekara uku an tara yara fiye da 800 a mazaɓa ɗaya, kamar busasshiyar ciyawa mai jiran tartsatsi. Wannan shi ya sa ƙyanda takan yi shiru shekara biyu ko uku, har mutane su ɗauka ta tafi, sa'an nan ta dawo gaba ɗaya. Shi ya sa kuma aka ƙara allura ta biyu a wata 15, domin ta kama waɗanda ta farko ta kuskure.

Akwai wani abin lura. Adadin da ake bayarwa na ƙaramar hukuma matsakaici ne, matsakaici kuwa yana ɓoye abubuwa da yawa. Ana iya samun kashi 90 a cikin garin Dutsin-Ma, inda babban asibiti da jami'a da kwalejin ilimi suke, alhali wata unguwa a ƙasar Kuki ko Wurma ba ta kai kashi 20 ba. Ƙwayar cuta ba ruwanta da matsakaici. Yaran da aka rasa ba a warwatse suke ɗaiɗai ba. A tare suke, gida ɗaya, rijiya ɗaya, makarantar allo ɗaya.

Kada kuma a ɗauki ƙyanda cutar kwana goma. Wani bincike da aka buga a mujallar Science a 2019 ya nuna cewa ƙwayar ƙyanda tana kashe ƙwayoyin jini masu riƙe da tarihin cututtukan da jiki ya taɓa yaƙa, har yaro ya rasa kashi 11 zuwa 73 cikin 100 na nau'o'in garkuwar da ya tara. Wannan ya yi daidai da abin da tsofaffinmu suka daɗe da gani, cewa yaron da ya tashi daga ƙyanda yakan yi watanni yana fama da zawo da tari da rama.

Zuwa ɗaya ba ya wadatarwa

Kafin yaro ya kammala riga-kafinsa sai ya sadu da ma'aikacin lafiya aƙalla sau shida. Da haihuwa akan yi masa BCG ta tarin fuka, wadda ke barin lamba a dantse, da ta ciwon hanta, da ɗigon shan inna. A mako 6 da mako 10 da mako 14 akan yi masa allurar Penta, wadda aka shigo da ita Nijeriya a 2012, mai haɗe da maganin cututtuka biyar: mashaƙo, da tarin shiƙa, da sarƙe-haƙora, da ciwon hanta, da wata ƙwayar cuta mai kawo sanƙarau da ciwon huhu ga ƙananan yara. Tare da ita akan ba da ta ciwon huhu, da ɗigon zawo wanda aka fara a 2022, da na shan inna. A wata 9 sai ta ƙyanda da shawara da sanƙarau, a wata 15 kuma ƙyanda ta biyu.

Me ya sa Penta sai sau uku? Domin babu ƙwayar cuta mai rai a cikinta. Abin da ke ciki, alal misali, dafin mashaƙo ne da aka kashe ƙarfinsa, aka bar siffarsa. Allura ta farko gabatarwa ce: jiki ya ga baƙon abu, ya soma tanadin ƙwayoyin da za su gane shi. Ta biyu da ta uku su ne tilawa, su suke yawaita waɗannan ƙwayoyi, su zaɓi waɗanda suka fi iya kama abokin gaba. Yaron da aka tsaya masa a ta farko tamkar almajirin da aka biya wa allo sau ɗaya ne aka ce ya haddace. Tazarar mako huɗu da ake bari tsakani ita ce lokacin da jiki ke bukata don yin wannan aiki. Idan an makara, ba a sake farawa daga farko. Daga inda aka tsaya ake ci gaba. Iyaye da yawa ba su san haka ba, sai kunyar makara ta hana su komawa.

Yanzu mai karatu ya auna matar da ke zaune kilomita takwas daga ɗakin shan magani mafi kusa. Sau shida za ta nemi izinin maigida, ta nemi kuɗin babur zuwa da dawowa, ta bar girki da sauran yara. Idan damina ce, ga rafi ya kawo, ga aikin gona. Idan ta isa aka ce mata yau ba ranar allura ba ce, ko an ce yaran ba su kai a buɗe kwalba ba, da wuya ta sake dawowa. Binciken ƙasa baki ɗaya na 2016 zuwa 2017, wanda ya gano cewa kashi 33 cikin 100 ne kawai na yaran Nijeriya suka sami Penta ta uku, ya tambayi iyaye dalili. Rashin sanin lokaci da wuri da muhimmancin allurar shi ya zo kan gaba, ya ɗara tsoro da rashin yarda nesa ba kusa ba. A ganina wannan shi ne abin da aka fi mantawa da shi idan ana maganar Arewa. Kalmar "sun ƙi" tana da sauƙin faɗa, tana kuma ɗauke wa ma'aikata laifi.

Kwalba da sanyi

Maganar buɗe kwalba tana bukatar bayani, domin a nan ilmin halitta ya haɗu da halin ɗan Adam. Maganin BCG da na ƙyanda ƙwayoyi ne masu rai da aka raunana, aka busar da su suka zama gari. Sai an zuba musu ruwansu na musamman kafin a yi allura, kuma da zarar an haɗa, bayan sa'a shida dole a zubar da abin da ya rage. Kwalbar BCG ta yara 20 ce, ta ƙyanda galibi ta yara 10. Ma'aikacin da ya ga yara biyu a gabansa yakan ji nauyin buɗe kwalbar yara 20, musamman idan an taɓa yi masa faɗa kan ɓarna. Ƙa'ida kuwa ita ce a buɗe ko don yaro ɗaya, saboda asarar magani ta fi asarar yaro sauƙi. Amma ƙa'ida ba ta aiki sai shugabanni sun daina tuhumar wanda ya bi ta.

Yawancin magungunan nan ana ajiye su ne tsakanin digiri 2 zuwa 8 na ma'aunin santigireti. A watan Afrilu zafin wannan yanki yakan kai digiri 40. Zafi yana kashe na ƙyanda da na shan inna, daskarewa kuma tana lalata Penta, saboda haka ma'aikacin da ya jera kwalabe a jikin ƙanƙarar da ya ciro daga firji nan take ya ɓata magani da kyakkyawar niyya. Tun 1996 aka soma manna wa kwalabe wata 'yar alama, murabba'i fari a cikin da'ira mai duhu. Zafi yana sa murabba'in ya riƙa duhu a hankali, idan ya yi daidai da da'irar to maganin ya tashi aiki. Firji mai aiki da hasken rana ya rage matsalar wutar lantarki a asibitocin mazaɓu. Abin da ya saura shi ne tafiyar ƙarshe, daga firjin zuwa ƙauye, cikin akwatin sanyi a bayan babur, kuma wannan tafiya da man fetur ake yin ta.

Gangami daban, aikin kullum daban

Kai allura ga jama'a ba sabon abu ba ne a ƙasar Hausa. Dattawa suna tuna ayarin masu lamba da suka zagaya garuruwa daga 1967 da bindigar allura, a shirin kawar da agana. Cikin shekara uku aka gama da agana a Nijeriya, a 1970, duniya kuma ta yi sallama da ita a 1980. Sai dai agana allura ɗaya take bukata. A zamanin da Farfesa Olikoye Ransome-Kuti yake ministan lafiya, daga 1985 zuwa 1992, an yi hoɓɓasa har hukuma ta ba da rahoton kaiwa wajen kashi 80 cikin 100 a 1990. Da kuɗin masu tallafi ya janye, sai komai ya koma baya. Binciken lafiya na ƙasa na 2003 ya tarar da kashi 13 cikin 100 ne kawai na yara suka kammala riga-kafi. A 2018 aka sami kashi 31.

A tsakanin nan ne aka shiga shekarun shan inna. An san yadda aka dakatar da ɗigon a Kano a 2003 bisa zargin yana hana haihuwa, har zuwa Yulin 2004, da yadda jita-jitar ta game Arewa. Tsoron bai faɗo daga sama ba: mutane ba su manta da gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi a kan yara a Kano lokacin annobar sanƙarau ta 1996 ba. Abin da ya gyara al'amarin shi ne shigowar sarakuna, musamman kwamitin sarakunan Arewa da aka kafa a 2009 a ƙarƙashin jagorancin Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar, da kuma matan unguwa masu wayar da kai da UNICEF ta ɗauka daga 2012. An ga mai shan inna na daji na ƙarshe a Borno a 2016, aka kuma tabbatar da tsarkin Afirka daga gare ta ranar 25 ga Agusta, 2020.

Nasara ce babba, amma ta bar wani ruɗani. Ɗigo biyu a baki kowa yana iya bayarwa bayan horon yini ɗaya, shi ya sa aka iya bi gida gida. Allura kuwa sai ƙwararren ma'aikaci. Uwar da aka ɗiga wa ɗanta magani sau goma a ƙofar ɗaki tana da hujjar zaton an gama masa riga-kafi, alhali ko Penta ɗaya bai samu ba. Annobar mashaƙo da ta ɓulla a Kano a ƙarshen 2022, ta bazu zuwa Yobe da Katsina da Bauchi da Borno a 2023, ita ta tona wannan asiri. Mafi yawan waɗanda ta kama yara ne da ba su kammala riga-kafi ba, ga shi kuwa maganin mashaƙo yana cikin jadawalin ƙasar nan tun kafin a haifi iyayensu.

Yadda ake kai wa ga na nesa

Tsarin da Nijeriya take bi tun tsakiyar shekarun 2000 shi ne na kai wa ga kowace mazaɓa. Kowane asibiti zai zana taswirar ƙauyukan da ke ƙarƙashinsa. Waɗanda ke kusa su zo da kansu a ranar allura ta mako. Masu matsakaicin nisa ma'aikaci ya je musu a rana tsayayya kowane wata. Na can ƙurya kuma ayari daga ƙaramar hukuma ya kai musu. A takarda babu abin da ya fi wannan kyau. Inda yake karyewa wuri biyu ne: ƙauyen da ba ya cikin taswira, da fitar da ba a yi ba don kuɗin mai bai zo ba. Na biyun ya fi muni. Idan mai unguwa ya sa an yi shela, mata suka taru a ƙofar gidansa tun hantsi, ma'aikaci bai zo ba, to an kashe fita uku masu zuwa. Gara fita ɗaya a wata wadda ba ta taɓa saɓawa, da alkawarin huɗu a cika biyu.

Game da taswira, babu wanda ya san jariran ƙauye kamar mutum uku: ungozoma, da wanzami, da limamin da ya raɗa suna. Yawancin haihuwa a yankin nan a gida ake yi, saboda haka rajistar asibiti ba ta san da jaririn ba, amma waɗannan sun sani tun kafin kwana bakwai. A Jihar Sakkwato an jarraba horar da wanzamai su riƙa ba iyayen jariri katin tura su asibiti, a Kano kuma an ɗora wa masu unguwanni rubuta sunayen jarirai a littafi, a riƙa gwada shi da na asibiti don a gane wanda bai zo ba. Tsarin sarauta da zai ɗauki wannan aiki yana nan daram, daga Yandakan Katsina a Dutsin-Ma da Maraɗin Katsina a Kurfi, zuwa magaddai da masu unguwanni. Rugagen Fulani kuwa ta hannun arɗo ake shiga, kuma a tsara zuwan da lokacin da suke gida.

Al'adar jego ma tana da abin da za ta bayar. Mako shida kwana 42 ne, watau kwana biyu bayan arba'in. Da za a riƙa gaya wa uwa cewa da ta gama wanka sai allura, da ba ta bukatar kalanda. Amma a nan ma akwai tarko: mai haihuwar fari takan yi jego a gidan iyayenta, a yi wa jariri BCG a can, sa'an nan ta koma gidan miji a wata mazaɓa inda ba a san da ita ba. Asibiti na farko ya rubuta ta cikin waɗanda suka gudu, na biyu bai taɓa rubuta ta ba. Katin da ke hannunta shi kaɗai ne ya haɗa wuraren biyu, shi ya sa ya kamata a nemi ganin katin duk lokacin da aka kawo yaro asibiti, ko da zazzaɓi ne ya kawo shi. Haka ma masu rabon maganin riga-kafin zazzaɓin cizon sauro na damina, aikin da aka fara a Jihar Katsina a 2013, suna shiga gidaje wata wata. Duba kati ba zai ƙara musu minti biyu ba.

Sai maganar maigida. Penta takan sa zazzaɓi da kumburin cinya na kwana ɗaya ko biyu. Wannan alama ce ta jiki yana aiki, amma uban da ɗansa ya kwana kuka, ba a kuwa gargaɗe shi ba, zai ce ba a ƙara. Ana yi wa mata bayani a asibiti, izini kuwa yana hannun wanda ke majalisa ko masallaci ko kasuwa. Can ya kamata bayanin ya same shi, daga bakin namiji ɗan'uwansa wanda aka yi wa 'ya'yansa.

An kuma jarraba rage wa uwa nauyin tafiyar. Ƙungiyar New Incentives ta riƙa ba uwa naira 500 a kowace zuwa huɗu ta farko, da naira 2,000 a ranar allurar ƙyanda, a wasu asibitoci na Katsina da Zamfara da Jigawa. An auna aikin daga 2017 zuwa 2020 a asibitoci 167 da aka raba biyu ta hanyar ƙuri'a, rabi da kuɗi rabi babu. A inda aka ba da kuɗin, cikin kowane yara 100 an sami ƙarin 16 masu BCG, da ƙarin 21 masu Penta ta farko, da ƙarin 14 masu allurar ƙyanda. Wasu na ganin wannan kamar sayen yarda ne, kuma tambayar wa zai ci gaba da biya idan masu tallafi suka tafi tana nan, ganin abin da ya faru bayan 1990. Duk da haka sakamakon ya nuna abu ɗaya a fili: naira 500 ba ta sauya wa mutum aƙida, kuɗin babur kawai ta biya a wancan lokaci.

Rashin tsaro da lokacin rani

Ba za a yi wannan magana a tsallake 'yan bindiga ba. Dutsin-Ma da Kurfi suna maƙwabtaka da Safana da Batsari, ƙasashen da ke bakin dajin Rugu. A Satumban 2021 suna cikin ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina da aka katse wa layukan waya saboda matsalar tsaro. A irin wannan hali ma'aikaci ba ya fita, wani asibitin ma rufe shi ake yi. Abin da ke yiwuwa shi ne a horar da 'yan asalin wurin, a shiga da sauri a fita a ranakun da hanya ta yi sauƙi, a kuma kafa wurin allura a tasha da kasuwa, inda mutanen ƙauyukan da ba a iya shiga suke fitowa da kansu. Iyalan da suka gudo cikin gari suka raɓa a gidajen 'yan'uwa su ma ba sa cikin lissafin kowane asibiti, ko da yake yanzu suna iya hango shi daga ƙofar gida.

Wannan ƙaura tana da haɗari na musamman. Masu bincike da suka yi nazarin ƙyanda a Yamai da Maraɗi da Damagaram sun nuna, a wani aiki da aka buga a 2011, cewa cutar tana tashi ne daidai lokacin da 'yan cin rani suka cika birane bayan kaka. Sun auna cikar garuruwan ta hasken wutar dare da tauraron ɗan'adam ya ɗauko, suka ga yana hawa da sauka tare da yawan masu cutar. Maraɗi kuwa maƙwabciyar Katsina ce, yanayinmu ɗaya, ƙyandarmu ma daga tsakiyar rani zuwa bazara take tsananta. Yaron ƙauye da ba a yi wa allura ba, nisan ƙauyensa ne yake ɗan kare shi. Ran da ya shigo cunkoson gari wannan kariya ta ƙare. Saboda haka watannin Oktoba da Nuwamba, bayan ruwa ya ɗauke, hanyoyi sun bushe, kafin a watse cin rani, su ne lokacin da ya kamata a ninka fita ƙauyuka, a kuma bi unguwannin bayan gari na Dutsin-Ma da Kurfi gida gida ana tambayar baƙin da suka sauka da katin 'ya'yansu.